'Yar Shugaba Ta Karɓi Haihuwa a Balan

An haihu a ɗakin! Namiji ne, ƙato, uwarsa tana nan lafiya, kuma 'yarka Falmata ce ta karɓe shi da hannunta. Da kunnena na ji kukansa ina zaune a gindin darbejiyar bakin asibiti, na miƙe tsaye na yi taku ya fi goma kafin in tuna na bar sandata a ƙasa.

Ka ga murna ta sa na tsallake gaisuwa. Bari in koma in fara yadda malamin ajinmu ya koya mana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ɗana na fari, wanda mutanen ƙasar Gaya da Ajingi suka sani da Shugaba. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Balan lafiya muke. Uwarka tana nan, gwiwa ce kawai take damunta. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa kuwa sai godiya.

Na san wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya karanta takarda. Amma labarin ya cika mini ƙirji, kuma kai ne ya fi cancanta ka fara ji. Malaminmu na yaƙi da jahilci ya ce idan na gama zai karanta wa 'yan aji, sannan a aika wa jarida. To duk wanda yake leƙowa ta kafaɗata, bismillah, ya karanta. Ya yi haƙuri da rubutun tsoho, don sai da gemuna ya yi fari fat na fara riƙe fensir.

Ban taɓa kiran sunanka ba, kuma ko a takarda ba zan fara yau ba. Ɗan fari ne kai, akwai kunya. Kana yaro sai in ce "kai", ko in ce wa uwarka "ina yaron nan". Ranar da manoman gyaɗa suka taru a Gaya suka ɗaga hannu suka zaɓe ka shugaban ƙungiyarsu ta gama kai, kowa yana murnar an sami mai gaskiya a kan sikeli. Ni kuwa abin da na yi wa murna daban ne. Na sami abin da zan kira ka da shi a gaban mutane. Tun daga ranar nake cewa Shugaba, har bakina ya gaji da daɗi.

Sunan ya bi gidanka kaf. Kekenka keken Shugaba, akuyarka akuyar Shugaba. Falmata kuwa tun tana rarrafe ta zama 'Yar Shugaba.

Kana tune da ƙanwarka Amina. Naƙuda ta yi mata tsawo, aka ɗauke ta a bayan motar gyaɗa ta ƙungiya za a kai ta Kano, ba a kai gadar Wudil ba rai ya yi halinsa. Kai ne ka riƙe kanta a hanya. Bayan sadakar bakwai sai na ga ka ɗora Falmata a kan keke ka nufi makarantar Gaya. An yi ta surutu a gari, ni ma ban ce maka komai ba, amma ban so ba a lokacin. Abin da ka ce wa masu surutun shi ne, "Nisan Kano ne ya kashe Amina. Zan kawo Kano nan."

Ba ka ga ƙarshen abin ba. Shekarar da aka yi farin nan mai tsanani ka kwanta, ba ka tashi ba, Falmata tana makarantar 'yan mata a birni. To ga abin da ya biyo baya. Ta gama, ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma. An ɗaura mata aure da wani malamin makaranta, yaro mai ladabi, ni dai ɓarawon matata nake ce masa, don ka san tun tana ƙarama nake ce mata amarya tana ce mini ango. Ta yi aiki a babban asibiti a Kano. Mu kuma nan hukuma ta gina mana ɗakin haihuwa a jikin ɗakin shan magani, na bulo da rufin kwano, aka sa gadon ƙarfe da ma'aunin jarirai, aka rufe da kwaɗo, aka ce sai an sami ma'aikaciya.

Yanzu ga inda abin dariya ya shigo.

Bana an yi zaɓe, soja za su ba farar hula mulki. Duk inda ka zauna, a shagon tela ko wurin mai shayi, rediyo ba ta da magana sai shugaban ƙasa. Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, Falmata ta nemi a dawo da ita gida, aka kuwa yarda, mijinta ma aka ba shi aji a Gaya. Ba ta gaya mana ba, wai tana so ta ga yadda fuskata za ta yi. Jami'in lafiya na Gaya, ka san shi, shi ne yaron nan da ya yi maka akawu a ƙungiya kafin ya tafi karatu. A bakinsa Shugaba mutum ɗaya ne tak a duniya. Sai ya ce wa masinja ya je Balan ya gaya wa dagaci a share ɗakin, ranar Alhamis 'yar Shugaba za ta zo ta buɗe shi. Masinjan baƙo ne, bai san ka ba. Ya faɗa wa dagaci yana zare ido. Dagaci ya kira Ɗan'azumi mai shela. Kafin Ɗan'azumi ya kai bakin kasuwa, magana ta zama 'yar shugaban ƙasa za ta zo Balan.

Kada ka ce ni na gane. Ban gane ba ko kaɗan. Ni da na haife ka, ni na fi kowa rawar jiki.

An share hanya tun daga mararraba. An shafa farar ƙasa a jikin itatuwa. An sayi rago, an kira makaɗa daga Kademi, mutanen Ajingi suka zo a kan kekuna da jakuna tun da hantsi. Da aka ce ana son a rubuta maraba a jikin farin ƙyalle, sai dagaci ya ce a ba ni, tunda ni ne dattijon da ya fi kowa zuwa aji. Na jiƙa shuni, na feƙe kara, na durƙusa a tsakar gida na wuni ina zana baƙaƙe. Uwarka tana ta kora kaji kada su taka.

Da motar hukuma ta tsaya, makaɗa suka saki kiɗa, 'yan makaranta suka ɗaga hannu. Ƙofa ta buɗe. Wata doguwar mace ta sauko da fararen kaya da mayafi, ta dubi taron nan, ta dubi ƙyallen, sai ta dafe baki. Ta ratso mutane ta wuce dagaci ta zo gabana ta durƙusa ta ce, "Ango, ina wuni. Duk wannan bikin namu ne?"

Shugaba, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tsayinka ne, tafiyarka ce.

Ba ta bar ni na gama kukan ba. Ta nuna ƙyallen ta ce na manta lanƙwasar ƙa, na rubuta shugaban kasa, wato uban nata sarkin macizai ne ke nan. Mutanen da suke kusa suka fashe da dariya, dariyar ta bi taro har baya. Dagaci ya yi ta maza ya ce ai ko ma wace ce, rago ya riga ya mutu, a ci. Ɗan'azumi kuwa ba a sake ganinsa ba sai ranar kasuwa.

Maza sun ci nama sun watse suna dariya. Mata ne ba su yi dariya ba, kuma ban lura ba sai daga baya.

Falmata takan buɗe ɗakin kullum da safe. Ta share, ta dafa almakashinta, ta shimfiɗa farin zane a gadon, ta zauna. Masu ciwon kai da masu gyambo suna shiga ɗakin shan magani a gefenta, nata ɗakin ko ƙuda. Ana haihuwa a gari, muna jin guɗa, muna cin naman suna, amma ba a kiranta. Idan ta shiga gida gaishe da mai ciki, sai a shimfiɗa mata tabarma, a kawo mata fura, a tambaye ta labarin birni, mai cikin kuma ta shige ɗaka ta ja labule.

Uwarka ce ta warware mini. Ta ce ashe matan garin sun fi maza murnar zuwan 'yar shugaban ƙasa, kuma girman ubanta bai dame su ba. Abin da suka so shi ne baƙuwa. Baƙuwa ba ta san mijinka ba, ba ta san surukarka ba, ba za ku haɗu a gidan biki ta dube ka ka sunkuyar da kai ba. Amma Falmata? Wata ta goya ta, wata ta yi mata kitso, wata matar kawunta ce, wata ƙawar uwarta ce. Ta yaya mace za ta kwance zane ta yi nishi a gaban 'yar da ta share wa majina? Uwarka ta ce ko ita da a ce tana haihuwa, gara ta shiga bayan rumbu.

Na ce to ai wannan ba abin da magani yake warkarwa ba ne.

Da kaka ta yi, jami'in lafiya ya zo a kan babur. Ya gaishe ni da ladabi, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce ba son ransa ba ne, amma akwai garuruwan da suke roƙon ungozoma, ba zai yiwu a bar gado da ma'aikaciya suna kallon juna ba. Idan shekarar nan ta fita ɗakin bai yi aiki ba, za a kwashe kayan a kai wani wuri, ita ma a mayar da ita birni.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Kano ɗin da ka ce za ka kawo ta zo har ƙofar gida, ga shi za ta koma ba wanda ya leƙa ta. Ni kuma a shekaruna, idan Falmata ta sake tafiya, ban san ko zan ga wata dawowar ba.

Ita ba ta nuna damuwa a gabana ba. Amma na ga ta rame, kuma ta daina tsokanata.

Ka san idan an cire amfanin gona Fulani sukan sauko da shanu su ci kara. Bana ma sun sauka a wurin da suka saba, a hanyar Ajingi, mutanen Arɗon nan abokinka. Shi ya tsufa ƙwarai, amma bakinsa yana nan. A cikin matansu akwai wata Adama, matar ɗansa Buba, tana kawo nono kasuwa. Cikinta ya tsufa. An ce sau biyu tana haihuwa, naƙuda tana yi mata tsawo, 'ya'yan ba sa zuwa da rai. Ka san kunyar Fulani ta ninka tamu. Mace za ta kwana tana naƙuda ba wanda zai ji ko tarinta.

Ranar kasuwa ina zaune wurin masu goro, Falmata ta zo wucewa ta layin masu nono. Na ga ta tsaya tana kallon ƙafafun Adama, sun kumbura har awarwaron ƙafa ya nutse. Sai kawai na ji ta ɗaga murya, a tsakiyar kasuwa, ta ce, "Ke baiwata, wa ya ba ki izinin yin ciki ba ki zo kin gaya wa uwargijiyarki ba?"

Layin nan ya yi tsit. Ni kaina sai da goro ya sarƙe ni. Ambaton ciki a bainar jama'a, ga mace Bafillatana!

Adama ta ɗago kai ta dube ta sama da ƙasa. Ta tambayi ta kusa da ita ko 'yar wace ce wannan, aka ce jikar Barebarin nan ce, 'yar Shugaba. Sai ta ajiye ludayi ta ce, "Ashe shi ya sa. Babarbariya, tun yaushe bawa yake tuhumar mai saniya? Zo ki wanke mini ƙwarya in ba ki tsaki."

Masu nono suka kwashe da dariya har da tafi.

A nan na tuna da kai. Mu dai kakana ne ya zo daga Barno da fatauci ya zauna, ko gaisuwa da Barbarci ban iya ba sai kalma biyu. Amma wasan da yake tsakaninmu da Fulani bai mutu ba, kuma kai ka san amfaninsa. Duk sanda shanu suka shiga gonar ɗan ƙungiya aka zare sanduna, sai ka hau keke ka je ruga ka tsaya ka ce, "Arɗo, fito, ubangidanka ya zo duba dukiyarsa." Shi kuma ya fito yana cewa wa ya kwance wannan bawan. Ku zagi juna son ranku, kowa yana dariya, kafin a gama shan nono an yanke abin da za a biya mai gona. Tsakanin abokan wasa ba fushi, ba kunya. Falmata tana zaune a kan kariyar keken tana jin ku. Ashe ba barci take yi ba.

Ta yanke wa Adama tara a gaban kowa. Wai laifin raina uwargijiya, kullum da safe sai ta kawo mata nono har cikin ɗakin aikinta, kuma ba a ƙofa za ta tsaya ba. Adama ta ce za ta kawo, don ta ga irin ramin da Barebari suke ɓuya. Washegari kuwa sai ga ta. Daga gindin darbejiya ina jiyo su suna musayar baƙar magana suna dariya. A cikin wannan zage-zagen aka ɗora ta a ma'auni, aka latsa ƙafar, aka saurari cikin da wani ƙaho na ƙarfe, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini aka ce ta haɗiye a nan, don Bafillatana ba abin yarda ba ce. Haka suka yi ta yi. Kumburin ya fara sauka.

Ranar Litinin da ta wuce, da hantsi, Adama ta zo da ƙwaryarta a ka kamar kullum. Ta gaishe ni, ta wuce. Ban ga komai ba. Falmata ta ce ita tun daga yadda ta dafa ƙyauren ƙofa ta gane, ga gumi a kan leɓenta alhali ana sanyi. Ashe tun asuba abin ya kama ta, ta tatsi shanu a haka, ta taho a ƙasa tun daga ruga, ba ta gaya wa kowa ba. Ta sauke ƙwaryar ta ce ga tarar yau, za ta koma. Falmata ta tura ƙofa ta ce baiwa ba ta tafiya sai an sallame ta.

Ba a jima ba labari ya kai ruga. Sai ga Buba da sanda a kafaɗa, ga uwarsa, wadda suke ce wa Dada, ga Arɗo a baya a kan jaki. Sun zo su tafi da ita. Dada tana cewa a zuriyarsu ba a taɓa haihuwa a ɗakin kwano ba, a kan gado kamar mara lafiya. Buba kuwa idonsa ya yi ja. Na san abin da yake tunawa, don sau biyu yana haƙa ƙaramin rami.

Ba kowa a bakin ƙofar sai ni. Ka san ni ban iya wasan nan kamar kai ba, ni mutum ne mai nauyin baki. Amma na ja kujerata na tare hanya, na lalubo maganganunka na da, ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa Arɗo wa ya ba shi izinin hawa jaki a gaban ubangidansa. Ya tsaya ya ƙura mini ido, sai ya ce ashe tsohon bawan nan yana da rai, ya zaci na bi ɗana. Da ya ambace ka sai ya sauko, ya zauna a tabarmata, ya ce wa Buba ya ajiye sandar.

Falmata ta leƙo ta ce Dada ta shigo ta riƙe kan surukarta, amma ta bar takalmanta a waje don ba turken shanu ba ne. Tsohuwar ta shiga tana mita.

Muka zauna. Na aika aka kawo goro. Aka kira azahar muka yi salla a nan gindin bishiya, Arɗo ya ja mu. Daga ɗakin ba ka jin komai sai muryar Falmata, wani lokaci tana lallashi, wani lokaci tana cewa ashe ƙarfin Fulani a baki yake. Sau ɗaya na ji Adama ta rama, da ƙyar, sai na ce a raina alhamdu lillahi, da sauran ƙarfi. Daga nan sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Buba ya tashi ya koma bayan ɗakin ya tsuguna.

Sannan kukan ya zo.

Daga baya na ji cewa cibiya ce ta naɗe wuyan yaron, ya fito ba ya motsi, Falmata ta warware ta, ta share masa baki, ta yi ta murza bayansa har ya shaƙi iska. Uwar kuma jini ya so ya ɓalle, ta yi mata allura ya tsaya. Ni ban san waɗannan abubuwa ba, yadda aka gaya mini nake gaya maka. Abin da na gani da idona shi ne Dada ta fito ba takalmi, ta wuce ɗanta, ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Babarbare, wannan baiwar tamu ba ta sayarwa ba ce. Kada ka bari a kai ta ko'ina."

Da Falmata ta fito wanke hannu, ta dube ni ta ce, "Ango, ka ga sandarka can a ƙasa." Na koma na ɗauko ta.

To amma ka san haihuwa ɗaya ba za ta riƙe gado ba, kuma Fulani da damina ta kawo jiki za su tashi. Wannan tunanin ya rage mini murna a ranar. Ashe ban san matan Balan ba.

Washegari da safe na fito, sai na ga Ladi mai ƙosai a kan bencin bakin ɗakin da 'yarta mai ciki. Ka san Ladi, gidansu maƙera ne tun kakan kakanni, da ƙarar uwar maƙera aka yaye ta. Falmata ta fito za ta durƙusa ta gaishe ta, don ita ta yi mata kitson sallar farko. Sai Ladi ta ɗaure fuska ta ce kada ta kuskura ta gaishe ta, ita jiya ta tuna kakarta ta wajen uwa Bafillatana ce, har saniya gare ta. Saboda haka baiwa ta yi maza ta duba mata 'yarta.

Falmata ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce dama ta daɗe tana jin warin man shanu a ƙosan nan. Suka shige ciki.

Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Kafin Juma'a, matar limamin unguwar gabas ta gano cewa kakanta da sandar kiwo ya zo garin nan. Matan gidan Sarkin Pawa gaba ɗayansu Fulani ne, wai mantawa aka yi. Wata daga Kademi ta zo da mijinta a kan keke tana cewa a duba dogon hancinta. Matar kawun Falmata ce ta rasa yadda za ta yi, tunda kowa ya san gidansu Barebari ne kamar mu. Ta zauna a ƙarshen benci ta rufe fuska, har wata ta taimake ta ta ce ai nonon Bafillatana ta sha tana jaririya, lokacin da uwarta ta yi ciwo. Kowa ya ce tabbas an yi haka. Uwarka da ta san ba a yi ba ita ta fi kowa gyaɗa kai.

Jiya jami'in lafiya ya zo. Ya kashe babur ya tsaya yana kallon bencin, ya cika har wasu suna kan tabarma, ana ta zagin ma'aikaciyar hukuma tana ramawa, kowa yana dariya. Ya matso ya tambaye ni a hankali ko lafiya, ko ya kira ɗan doka. Na ce lafiya lau, Fulani ne suka yi yawa a garin. Ya shiga ya ga jaririn, don Adama ta kawo shi a duba cibiya. Da ya fito ya ce gadon ba ya zuwa ko'ina, kuma zai nemo na biyu.

Ɗana, 'yarka ta zauna. Za ta kwana a garin da aka binne ka, ta tashi ta buɗe ɗakin nan kowace safiya. Kana da rai kunya ba ta bar ni na zaunar da kai na ce maka ka yi daidai ba. Ka yi daidai, ranar da ka ɗora ta a kan keke. Na daɗe ina so in faɗa maka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ladan kowane jaririn da ya yi kuka a ɗakin nan ya iske ka. Allah ya jiƙan Amina. Allah ya raya ɗan Adama, ya ba Falmata ƙarfin hannu da haƙurin zagi. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da ku a inuwa ɗaya. Amin.

Ni ne mahaifinka, ɗan ajin manya na Balan, da hannuna na rubuta.

Ku kuma masu karatu, na Gaya da na Ajingi da na Kademi da duk inda takardar nan ta kai, jibi Litinin suna a rugar Arɗo, ya ce zai kayar da bijimi kuma ba a bukatar gayyata. Amma ku biyo ta bakin asibiti tukuna, da hantsi, lokacin da benci yake cika. Ku taho da matanku. Wadda ba ta da kaka Bafillatana kada ta damu, ta zo kawai, a kan bencin za a samo mata.